Dubai, Guangzhou, Istanbul: Yadda Wayata Ta Bi Dokar Kowace Ƙasa

A watan Oktoba na yi tafiyar kasuwanci wadda ta kai ni ƙasashe uku a jere. Na fara sauka a Dubai, daga nan na wuce Guangzhou da ke kudancin ƙasar Sin domin halartar baje kolin Canton, wanda ake gudanarwa sau biyu a shekara tun 1957, sannan a hanyar dawowa na biyo ta Istanbul. Waya ɗaya ce a hannuna tun daga farko har ƙarshe, amma aikin da take yi mini ya riƙa canzawa duk lokacin da aka buga mini sabon hatimi a fasfo. Abin da ta yi cikin sauƙi a wannan ƙasa sai ta kasa yi a ta gaba, ba don ta lalace ba, sai don kowace gwamnati tana da tata doka a kan layukan waya da intanet, kuma dokar tana hawa kan baƙo tun daga lokacin da ya kunna wayarsa a filin jirgi.

Shiri na fara tun kafin biza ta fito. Na farko, na tabbatar wayar ba a ɗaure take da kamfani ɗaya ba, domin akwai wayoyin da ake sayarwa a wasu ƙasashe bisa yarjejeniyar biya a hankali, waɗanda ba sa karɓar sim ɗin kowa sai na kamfanin da ya sayar da su. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: mutum ya ari sim na wani kamfani ya saka, ya ga ko sabis zai hau. Na biyu, na duba ko tana ɗaukar layi biyu kuma tana karɓar eSIM, wato layin da ake saukewa a cikin waya ba tare da kati ba. Wannan ya fi shafar masu sayen wayar da aka shigo da ita daga wata ƙasa, saboda wayoyin iPhone da aka yi don kasuwar Amurka, tun daga iPhone 14 ta 2022, ba su da ramin saka sim ko kaɗan. Na kuma danna *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15, wato lambar shaidar wayar kanta, ta fito, na rubuta ta a takarda tare da lambobin mutanen da zan nema idan wayar ta ɓace, na saka takardar a jakar da fasfo yake.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne layina na gida. Na je ofishin kamfanin na tabbatar an buɗe masa romin, wato damar yin aiki a ƙasar waje, a ƙasashen uku, na zuba masa kuɗi, sannan na shiga saiti na kashe datarsa ta ƙasar waje. Dalilin kashewar shi ne waya ba ta jiran izinin mai ita kafin ta ci data: manhajoji suna sabunta kansu, hotuna suna hawa ma'ajiya, bidiyon da aka turo a rukunoni yana sauka shi kaɗai, kuma duk wannan da farashin waje ake lissafa shi. Akwai kuma abin da matafiya da yawa ba su sani ba, wato a ƙasar waje wanda aka kira ma yana biya idan ya ɗaga. Saƙon tes kuwa yawancin kamfanoni ba sa cajin karɓarsa, kuma shi ne ainihin abin da nake so daga layin, domin ta nan banki yake turo lambar tabbatarwa duk lokacin da na taɓa asusuna. Kafin in kwanta a daren tafiya na bi lambobin da ke wayar na sa wa kowace alamar + da lambar ƙasa, na cire sifirin farko, na sauke taswirar Dubai da ta Istanbul, da harshen Sinanci da Turkanci a manhajar fassara yadda za su yi aiki ko babu intanet.

Da muka sauka a Dubai na fitar da wayar daga yanayin jirgi, ta ɗan yi lalube, sai sunan wani kamfani da ba nawa ba ya bayyana a saman fuskarta, saƙon maraba kuma ya biyo baya da jerin farashi. Abin da ya faru a wannan ɗan lokaci shi ne kamfanin can ya karanta lambar da ke cikin sim ɗina, ya gane ƙasar da kamfanin da suka ba da shi, ya tuntuɓi kamfanina ya tambaya ko ya yarda a ba ni sabis. Kamfanonin biyu suna da yarjejeniya a tsakaninsu, na can yana cajin nawa, nawa kuma ya ɗora ribarsa ya caje ni, shi ya sa minti ɗaya na romin yake cin abin da zai isa doguwar hira a gida. Manyan kamfanonin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa biyu ne, Etisalat wanda yanzu ake kira e&, da kuma du, kuma dukansu suna da rumfuna a filin jirgin inda ake ba baƙo layi da fasfonsa. Na sayi na baƙi mai data, na saka shi a rami na biyu, na bar na gida a kunne don saƙonni kawai. WhatsApp ya ci gaba da aiki da tsohuwar lambata, domin asusun yana nan a kan lambar da aka buɗe shi da ita ko da data ta wani layi ce, kuma babu dalilin da zai sa matafiyi ya canza ta.

Da na isa masauki a unguwar Deira na danna kiran murya na WhatsApp don in sanar da mahaifiyata na sauka lafiya, amma kiran bai haɗu ba. Saƙon rubutu yana tafiya, hoto yana tafiya, saƙon murya ma yana tafiya, kiran kai tsaye ne kawai ba ya shiga. Hukumar sadarwar ƙasar ba ta barin kira ta intanet sai ta manhajojin da ta ba lasisi, irin su Botim, kuma sai ɓangarorin biyu suna da manhajar kafin a yi magana. Na riga na san da haka, don haka tun a gida ƙanena ya saka mata ita a wayarta ya nuna mata inda za ta danna. Da ta ɗaga na ce, "Hajiya, barka da dare, mun sauka lafiya." Ta ce, "Alhamdu lillahi, tun ɗazu nake duba wayar. Allah ya tsare, ya ba da abin da aka je nema." Maganar ba ta wuce haka da yawa ba, amma ita ce dalilin duk wahalar da na yi a kan layi, kuma ina ganin duk wanda zai bar iyaye ko iyali a baya ya kamata ya shirya wayarsu kamar yadda ya shirya tasa, domin rabin kiran a hannunsu yake.

Wani abu da na kiyaye a kasuwannin Deira shi ne kyamara. Dokar ƙasar ta ɗauki ɗaukar hoton mutum ko yaɗa shi ba da yardarsa ba a matsayin laifi, don haka ko samfurin kaya zan ɗauka sai na nemi izinin mai shago, na kuma karkata wayar yadda fuskar kowa ba za ta shiga ba.

A hanyar Guangzhou batun batir ya taso. Ba a yarda a saka fawa-bank a jakar da za ta shiga cikin kaya a ƙasan jirgi ba, sai a jakar hannu, saboda batirin litiyom yana iya kamawa da wuta, kuma gara ya kama inda ma'aikata za su gani. Iyakar da aka saba da ita ita ce wat-awa 100, abin da ya haura haka zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi. Nawa mai 20,000 mAh ne, wanda yake daidai da wat-awa 74, don haka aka bar ni na shiga da shi. Sin ta ƙara tata doka tun daga 28 ga Yunin 2025: a jiragen cikin gida ba a shiga da fawa-bank sai mai ɗauke da tambarin ingancin ƙasar na CCC a jikinsa. Wanda zai ƙarasa Yiwu ko wani birni ta jirgin sama ya duba jikin nasa tun da wuri, domin wanda ba shi da tambarin a wurin bincike ake barinsa. Soket ma sai da na yi masa tanadi. Na Dubai mai ƙafa uku masu kusurwa ne irin na Ingila, na Sin yana karɓar ƙafa biyu masu faɗi, na Turkiyya kuma ƙafa biyu zagayayyu. Adafta ɗaya mai fuskoki da yawa ta ishe ni, kuma cajar waya ta zamani tana ɗaukar wuta daga bolt 100 zuwa 240, don haka ƙarfin wutar bai zama abin damuwa ba.

A Sin ne na ga bambanci mafi girma. An toshe Facebook a can tun 2009, ayyukan Google gaba ɗaya tun 2014, WhatsApp kuma tun 2017, haka ma YouTube da Instagram ba sa buɗewa. Wanda ya dogara da Gmail don wasiƙun kasuwanci, ko da Play Store don sauke manhaja, zai ga wayarsa cike da sabis amma ba ta kai shi ko'ina. Na ga wannan da idona a daren farko a otal: idan na hau Wi-Fi ɗin otal saƙonnin WhatsApp suna tsayawa cak, idan na kashe shi na koma datar eSIM ɗin da na saya kafin tafiya sai su riƙa shigowa a jere. Dalilin yana cikin yadda romin yake aiki. Layin waje da ke aiki a Sin yana amfani da turakun sadarwar ƙasar ne kawai, amma datarsa ana bi da ita zuwa kamfanin da ya ba da layin a wajen ƙasar kafin ta fita intanet, don haka shingen bai same ta ba. Saboda haka ne 'yan kasuwa da yawa suke amfani da layin Hong Kong a cikin Sin, tunda shingen bai shafi Hong Kong ba. Tsadar layin waje ta fi ta layin ƙasar Sin, kuma wani lokaci shafi yakan ɗan yi jinkiri saboda nisan zagayen, amma da shi na ci gaba da magana da gida da abokan hulɗa.

Duk da haka sai da na sayi layin ƙasar, saboda abubuwa da yawa ba sa yiwuwa sai da lamba mai farawa da +86. Direban tasi yana kira don ya ji inda fasinja yake tsaye, mai kawo saƙo yana kira, Wi-Fi na wuraren jama'a yana neman lambar da zai tura wa tes. Kamfanoni uku ne manya, China Mobile da China Unicom da China Telecom, kuma ba a sayar da layi sai da rajistar sunan gaskiya. Na je babban ofishi da fasfona, aka yi kwafinsa, aka ɗauki hoton fuskata, kamar yadda doka ta tanada ga sababbin layuka tun Disambar 2019. Ƙananan shaguna ba duka ne suke iya yi wa baƙo rajista ba, don haka zuwa babban ofishi ya fi rage yawo. Game da manhajar VPN, wadda ake tsallake shingen da ita kuma ake yawan ba da shawara a kanta, abin da zan ce shi ne waɗanda ba su da lasisin gwamnati ba halastattu ba ne a can, tun 2017 aka cire su daga rumbun manhajojin Apple na ƙasar, kuma wadda ta yi aiki da safe tana iya ƙin yi da yamma. Ni ban gina tafiyata a kanta ba, kuma ba zan ba ɗan kasuwan da dukiyarsa take hanya shawarar ya yi hakan ba.

Sai maganar biyan kuɗi, wadda a Guangzhou ta koma cikin waya kusan gaba ɗaya. Daga mai sayar da ruwa a bakin titi har babban kanti, kowa yana da lambar QR a manne a gabansa, ana nuna mata waya ta Alipay ko WeChat Pay kuɗi ya fita. Doka ta hana ƙin karɓar tsabar kuɗi, amma sau da yawa mai shago ba shi da canji, domin ya daɗe rabonsa da riƙe takardar yuwan. Tun 2023 manhajojin biyu suka buɗe wa baƙi hanyar haɗa katin Visa ko Mastercard na ƙasar waje, ba a cajin komai a kan cinikin da bai wuce yuwan 200 ba, abin da ya haura kuma ana ɗora masa kashi 3 cikin ɗari. Na haɗa katina tun ina gida, na ɗora hoton fasfo aka tantance ni, kuma da shi na riƙa shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, na kira tasi ta Didi, na biya otal. Sai dai duk wannan gini a kan abu ɗaya yake tsaye, wato layin gida, domin bankin da ya ba ni katin yakan tsayar da ciniki ya turo lambar tabbatarwa, kuma lambar da ya sani kaɗai yake turawa.

A unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwar Afirka suka daɗe suna sauka, na haɗu da wani dattijo Bahaushe a zauren otal yana ta juya wayarsa, fuskarsa babu walwala. Na gaishe shi, na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, lafiya kuwa?" Ya ce, "Ɗana, lafiyar ke nan. Kuɗina suna banki, kayana suna shago, amma na kasa haɗa su." Ashe da zai taso ya cire sim ɗinsa ya bar wa babban ɗansa don kada masu nemansa su rasa wanda zai amsa, da niyyar ya sayi sabon layi idan ya iso. Layin ya samu, amma manhajar bankinsa ta ga baƙuwar ƙasa ta nemi lambar tabbatarwa, lambar kuma ta tafi wayar ɗan. Lambar ba ta wuce 'yan mintuna take mutuwa, WhatsApp ɗinsa ba ya aiki a layin Sin, kuma lokacin da yake shago a Guangzhou da hantsi ɗan nasa yana barci, saboda tazarar awannin da ke tsakani. Na kunna masa data daga wayata ya hau, muka jira har gari ya waye a can, ya kira ɗan ya tsaya a kan layi, lambar ta shigo ya karanto masa, cinikin ya faɗa. Ya yi ta sa mini albarka, amma ni abin ya tsaya mini a rai. Mutum ne da ya san kaya, ya san farashi, ya daɗe yana wannan hanya tun lokacin da ake tafiya da tsabar dala, kuma babu wanda ya zaunar da shi ya gaya masa cewa yanzu sim ɗin nan mabuɗin shagonsa ne, ba a barinsa a gida. Kamfanonin tafiye-tafiye da bankuna suna da alhakin faɗa wa abokan hulɗarsu wannan a fili kafin su hau jirgi, musamman dattawa.

A filin baje kolin da ke Pazhou wayar ba ta huta ba. Katin kasuwanci na takarda yana nan, amma abin da kowane mai rumfa yake fara miƙowa shi ne lambar QR ta WeChat ɗinsa, kuma ta nan jerin kaya da farashi da hotunan masana'anta suke biyowa. Manhajar tana fassara saƙon Sinanci zuwa Turanci idan aka danne shi, kuma da wannan na yi ciniki da mutanen da ba mu da kalma ɗaya da muka haɗa. Na lura fassarar tana da kyau a kan gajeriyar jimla, amma tana rikicewa a kan sharuɗɗan biya da lokacin kawo kaya, don haka duk abin da ya shafi adadi sai in rubuta shi da alƙaluma, in sa a maimaita mini shi a takardar oda. Kafin la'asar batir ya kusa ƙarewa saboda hotuna da hasken fuska da neman sabis a cikin manyan zaurukan. A can mutuwar batir babbar matsala ce, tunda kuɗin mota da adireshin otal da tafinta duk suna ciki. Akwai akwatunan hayar fawa-bank a kusan kowane lungu, amma da waya ake buɗe su, don haka sai mutum ya ɗauka tun tana da sauran rai.

Taswira ma sai ta can. Ko an samu Google Maps ya buɗe, bayanansa na Sin tsofaffi ne, kuma alamar wuri tana iya kaucewa daga inda titi yake saboda ƙasar tana amfani da nata tsarin auna wurare. Amap da Baidu su ne mutanen gari suke bi. Na kuma roƙi ma'aikaciyar otal ta rubuta mini adireshin da haruffan Sinanci, na ɗauki hotonsa na kuma riƙe katin a aljihu, domin sunan otal da haruffan boko ba ya gaya wa direba komai.

Istanbul ta zo mini da sauƙi bayan Guangzhou. WhatsApp yana kira, Google yana buɗewa, taswirar da na sauke tun a gida ta kai ni unguwar Laleli wajen masu sayar da tufafi ba tare da na ci data ba, tunda GPS daga tauraron ɗan'adam yake karɓar sigina, ba daga layin waya ba. Kamfanonin can su ne Turkcell da Vodafone da Türk Telekom, kuma layin baƙi ana yin sa da fasfo. A wata rumfa a filin jirgi an faɗa mini farashin da ya ninka wanda na samu daga baya a cikin gari, don haka mai iya haƙuri ya jira ya shiga birni. Mai son eSIM kuma ya saya ya saka tun kafin ya iso, domin a 2025 hukumar sadarwar Turkiyya ta toshe shafukan wasu kamfanonin waje masu sayar da shi. Babbar dokar da ta bambanta ƙasar ita ce ta wayar kanta: duk wayar da aka shigo da ita daga waje aka saka mata layin Turkiyya, bayan kwana 120 ana rufe ta daga layukan ƙasar ta hanyar lambarta ta IMEI, sai an yi mata rajista an biya haraji mai nauyi wanda ake ƙarawa duk shekara. Mai ziyarar 'yan kwanaki ba ruwansa da wannan, amma ɗalibi ko mai doguwar jinya dole ya sa shi a lissafi, kuma da yawa suna ganin sayen waya a can ya fi musu sauƙi.

A jirgin ruwan da ke tsallaka mashigin Bosforus daga Eminönü zuwa Üsküdar na zauna kusa da wani matashi ɗan Afirka mai karatu a Jamus, wanda ya zo hutu. Ya nuna mini saƙon da kamfaninsa ya turo masa cewa ya kai iyakar kuɗin data an dakatar da shi, alhali bai fi yini ɗaya da sauka ba. Ya saba tafiya Faransa da Italiya da layinsa na Jamus ba tare da ƙarin ko sisi ba, domin tun 15 ga Yunin 2017 Tarayyar Turai ta soke kuɗin romin a tsakanin ƙasashenta, tare da Norway da Iceland da Liechtenstein, kuma a 2022 aka tsawaita dokar zuwa 2032. Abin da ya manta shi ne Turkiyya ba ta cikin Tarayyar, ko da yake babban ɓangaren Istanbul a nahiyar Turai yake. Suwizalan ma ba ta ciki, Birtaniya kuma tun da ta fice wasu kamfanoninta suka dawo da cajin. Dokar ba ta kuma shafi sabis ɗin da ake samu a tsakiyar teku a manyan jiragen ruwa ba, wanda ta tauraron ɗan'adam yake zuwa kuma ya fi kowane tsada. Na ce masa, "Ƙanena, kashe datar wannan layin tukuna, idan mun sauka sai mu nemi shago." Muka yi haka, ya sayi layin baƙi a Üsküdar. Wannan tsari na Turai ya nuna cewa tsadar romin ba dole ba ce, yarjejeniya ce tsakanin kamfanoni, kuma gwamnatoci suna iya sauke ta idan suka haɗa kai.

A Istanbul ne na fi amfani da Wi-Fi na wuraren shan shayi da tashoshi, kuma a nan na fi taka-tsantsan. Kowa yana iya buɗe Wi-Fi ya sa masa sunan otal ko na filin jirgi don ya kama masu gaggawa, saboda haka nakan tambayi ma'aikaci ainihin sunan kafin in hau, kuma duk abin da ya shafi banki da datar layina nake yin sa. A cunkoson taragon da ke bi ta Sultanahmet na riƙa saka wayar a aljihun gaba, na kuma bar tsarin gano waya daga nesa a kunne. Lambar gaggawa a Turkiyya 112 ce kamar ta ƙasashen Turai, a Dubai 'yan sanda 999 ne, a Sin kuma 110 na 'yan sanda, 120 na motar asibiti, duk na rubuta su a takardar da ke tare da fasfo. Ban buƙaci ko ɗaya ba, amma lokacin da ake buƙatar irin wannan lamba ba lokacin bincike ba ne.

Da na dawo na cire layukan Dubai da Turkiyya, waɗanda na baƙi ne masu ƙarewa da kansu, na goge eSIM ɗin, na mayar da data kan layin gida. Na duba abin da ya rage a layin na ga bai ragu ba sai da kuɗin kira ɗaya da na ɗaga a Dubai. Layin Sin kuwa sai da na koma ofishin kamfanin kafin in taso na mayar da shi kan tsari mafi araha, saboda layin da aka yi rajistarsa da fasfo idan aka bar bashi ya taru a kansa yana iya hana mutum sabon layi a zuwa na gaba. WeChat na bar shi a wayar a kan lambata ta gida, domin ta nan masana'antar take turo mini hoton kayan da ake haɗawa da ranar da za a loda su a kwantena, kuma ta nan za mu ƙarasa lissafin ragowar kuɗin idan takardar jirgin ruwa ta fito.